Akun da Ta Ɗauke Muryar Tasalla

Ku matso ku ji abin da ya faru a Ruwan Goriba, wani ƙauye na bakin kogi, a shekarun da aka fara jin kukan injin yankan itace a dazuzzuka.

A ƙauyen akwai wani mutum ana ce masa Korau mai danƙo. Sana'arsa kamun tsuntsaye. Yakan dafa danƙon itace har ya yi kauri, ya shafa a reshen da ya ga tsuntsaye suna sauka, ya koma gefe ya zauna. Duk wanda ya taka ya zama nasa. Akwai kuma wata ƙa'ida da ya gada wurin ubansa: tsuntsu ba ya shiga keji da fiffikensa. Da an ɓamɓare shi daga danƙo, sai a yi bisimilla, a zaro aska, a datse dogayen gashin dama da na hagu. Korau yakan yi haka kamar ƙifta ido, ba ya ma sanin ya yi.

Matarsa Tasalla mace ce mai surutu da dariya, tana da ciki wata huɗu. Abu ɗaya ne ke haɗa su faɗa, farar ƙasa. Tun da cikin ya shiga take ɓoye ta a ƙoƙo tana gutsura. Ran nan Korau ya gano ƙoƙon, ya kai bakin kogi ya juye.

Ya dawo ya ce, "Ke akuya ce da za ki riƙa lasar bango?"

Ta ce, "Maigida, ba ni ke so ba, baƙon da ke ciki ne."

"To a gaya wa baƙon, a gidan nan tuwo ake ci."

Tasalla ta yi dariya ta ce, "Ran da ka yi ciki sai ka zo mu yi maganar."

A bayan ƙauyen akwai wata tsohuwar kuka mai kogo, wadda mutane ba sa bi ta gindinta da tsakar rana. Korau shi ba ruwansa. Wata rana yana zaune a can, rana ta take tsaka, sai ga wasu tsuntsaye biyu sun fito daga cikin kogon. Aku ne, amma ba irin wanda ya sani ba. Tsawon kowane daga kai zuwa ƙarshen wutsiya ya fi hannun mutum. Jikinsu ja kamar garwashi, fiffiken ya fara da ruwan ɗorawa ya ƙare da shuɗi. Fuskarsu fara ce ba gashi, da siraran layuka kamar tsagar gado. Ɗaya ya tsinko goriba, ya fasa ƙwallon da baki kamar mai ɓare gyaɗa, ya miƙa wa ɗayar. Sai suka shiga duba kogon, wannan ya leƙa ya fito, wannan ta leƙa ta fito, kamar masu neman gidan da za su tare.

Washegari Korau ya shafe bakin kogon da danƙo. Da rana ta yi tsaka suka fito, macen ta taka. Namijin ya tsala wani ihu da ya sa ganyen kukar ya zubo, ya kewaya sau uku, ya faɗa kogon ya ɓace. Korau ya hau ya ɓamɓaro ta, ya yi bisimilla, aska ta yi aikinta.

A gida ya ba ta gero, ta kau da kai. Ya ba ta gyaɗa, ya fasa mata goriba, ko kallo ba ta yi ba. Tasalla ta zauna gaban kejin tana lallashinta, tana cewa, "Baiwar Allah, ci mana. Kyau kamar amarya, amma sai taurin kai."

Da gari ya waye Tasalla ta tashi ba murya. Ta buɗe baki, ba abin da ya fito. Aka kawo kunu, ya ƙi wucewa, ruwa kaɗai take iya kurɓa kaɗan. Korau ya kira ƙanwar ubansa, Gwaggo Talle, ta zo da rubutu da hayaƙi. Gwaggo na riƙe da ƙwarya, leɓen Tasalla ya motsa, sai magana ta fito daga cikin keji, da muryar Tasalla sak.

"Maigida, yunwa nake ji, amma maƙogwarona ya rufe."

Ƙwaryar ta suɓuce ta fashe. Gwaggo Talle ta dubi Korau ta ce, "Kai ɗan nan, me ka kwaso mana?"

A rana ta uku, da tsakar rana, aka yi sallama a ƙofar gida. Korau ya fita ya ga wani dogon mutum da jar alkyabba mai shuɗin hannu. Fuskarsa fara fat da siraran tsage. Ba ya ƙifta ido, kuma in zai dube ka sai ya karkata kai ya dube ka da ido ɗaya.

Ya ce, "Aminci ga wanda ya cancance shi, ya kai ɗan Adam mai danƙo. Na zo bikon matata."

Korau ya durƙusa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ban san matar wani ba ce."

"Ba ka tambaya ba. Shekara talatin muna tare, ba mu taɓa yini a reshe daban ba. Irinmu ba ya sake aure. Saboda haka na ɗaure ran matarka da ran tawa. In tawa ta ci, taka ta ci. In tawa ta mutu, ka nemi likkafani."

"Ranka ya daɗe, ga ta can, ɗauke ta yanzu."

"Da wane fiffike za ta bi ni? Hannun da ya datse, shi zai mayar. Ba za ta buɗe baki ta ci ba sai a ƙasarta, kuma irinmu ba ya wuce kwana bakwai ba ci. Uku sun tafi. Shiga kogon kuka, ka yi ta tafiya har ka iske itatuwa bakwai."

Korau ya ɗaga kai zai ƙara roƙo, bai ga kowa ba sai jan gashi ɗaya yana lilo a iska.

Gwaggo Talle ta cika masa jaka da garin gero, ta ba shi goran ruwa, ta ce, "Tafi. In ka dawo ba muryar yarinyar nan, kada ka sallama mini." Ya leƙa ɗaki. Tasalla na kwance, idonta ya faɗa, ta ɗora hannu a kan cikinta. Ya goya kejin a baya, ya nufi kuka.

Cikin kogon akwai hanya mai gangara tsakanin saiwoyi. Ya yi ta tafiya yana lalube har ya rasa sanin gabas, sannan ya ɓullo wata ƙasa inda iska take da ɗumi da laima kamar tururin tukunya. A gabansa wani baƙin kogi ne, an gitta masa gungume ɗaya tak, dogo siriri. Gungumen yana ƙyalli. Korau ya shaƙi warin ya gane shi, danƙo ne, daga wannan gaɓa har waccan. A ƙarƙashi wasu abubuwa sun ɗago bakuna daga ruwa, a buɗe, ba sa motsi.

Wata tsohuwa na zaune a bakin gadar, ta lulluɓe da mayafin da aka yi da guntayen gashin tsuntsaye.

Ta ce, "Maraba da masaƙi. Ka gane aikinka?"

Ya ce, "Iya, ban taɓa saƙa ba."

"Duba da kyau. Ga na kanari, ga na tsirya, ga na hasbiya. Shekara ashirin kana aiko mini, kullum da bisimillarka. Hau ka ji abin da ƙafafunsu suka ji."

Korau ya taka. Takalmin ya kama. Ya fizga, ya zare ƙafa, tafin ƙafar ya kama. Ya karkace zai faɗi, bakunan nan suka matso. Zuciyarsa ta ce masa ya yi ta fizga, amma ya sha ganin yadda tsuntsu mai fuffuka yake ƙara naɗe kansa. Ya tsaya cik, ya bar numfashinsa ya sauka. Sai ya tuna yadda yake kashe danƙo in ya kama masa hannu. Ya kwance bakin jaka, ya barbaɗa garin gero a gabansa, ya taka, ya barbaɗa, ya taka. Haka ya yi ta yi har rana ta karkata. Saura taku biyu garin ya ƙare. Ya runtse ido ya yi su haka nan, ya bar fatar dugadugansa a jikin gungumen.

Daga can baya tsohuwar ta ce, "Ka ƙetare, masaƙi. Sai dai ka ciyar da gada guzurinka."

A rana ta biyar ya shiga wani fili da ba shi da iyaka, ba komai cikinsa sai kututture. Kowane kututture faɗinsa ya kai ɗaki, jan ruwa na tsatsowa daga samansa. Ba inuwa, ba kukan tsuntsu. Nan da can manyan gungumai na kwance, kowane da kogo a jikinsa, a bakin kogon ɓawon ƙwai ya bushe. Korau ya zauna a kan wani kututture zai ɗaure ƙafarsa, sai ya ji magana daga ƙarƙashinsa.

"Tashi a kaina, ɗan Adam. Shekara ɗari biyu na yi a tsaye kafin cikina ya yi kogon da jan aku zai iya kwana. Ba sa saƙa sheƙa, ba sa haƙa rami, sai tsohon itace irina. A yini ɗaya aka kwantar da ni. In kana son ranka ka ɓuya, Mai Haƙoran Ƙarfe yana tafe. Ba shi da ido, sauti yake bi."

Sai Korau ya ji ƙasa na rawa. Ya ja kejin ya kutsa cikin kogon wani gungume, ya leƙo ta tsaga. Abin ya taho yana jan ciki. Tsawonsa ya kai raƙuma goma a jere, hayaƙi na fita ta bayansa, warin ƙonannen mai ya cika wurin. Bakinsa sarƙa ce ta haƙora, tana juyawa ba tsayawa. A bayansa wasu gajerun mutane ne marasa fuska, gabansu sumul kamar bayan ƙwarya, kowane da buhu. Suna zura hannu cikin kogunan da suka faɗi suna lalubar 'yan tsaki.

Abin ya zo daidai gungumen ya tsaya. A daidai lokacin akun ta ɗaga kai, muryar Tasalla ta fara fitowa a hankali.

"Maigida, ina ka..."

Korau ya zura babban yatsansa na dama cikin bakinta. Bakin da ke fasa ƙwallon goriba ya rufe a kai. Ya ji ƙarar ƙashinsa a cikin kansa. Ya cusa wuyan rigarsa a baki ya cije, hawaye na zuba, bai yi ko tari ba. Wani hannu mai sanyi ya shigo kogon, ya shafi tafin ƙafarsa, ya lalubi gefe, ya fita. Da ƙarar ta yi nisa ya zare hannunsa, yatsan da yake danne aska da shi ya tafi.

A rana ta shida ya hango kore. Ragowar daji ne, siriri, a bakin wani rafi. Itatuwan sun yi 'ya'ya kore masu tauri. Akun da tun jiya take kwance ta miƙe, ta zuro baki ta tsakanin karan kejin. Korau ya tsinko ya miƙa mata. Ta karɓa da ƙafa kamar mai hannu, ta fasa, ta zaro ƙwayar da harshe, ta haɗiye. Ta ci goma, ta ci ashirin. Sai muryar ta fito.

"Gwaggo, ya wuce. Wallahi ya wuce. Ƙaro kunun."

Korau ya zauna a ƙasa ya yi kuka. Sannan ya fasa nasa da dutse ya ci. Ɗaci gare su kamar maɗaci, amma yunwar kwana biyu ba ta bar shi ya tsaya ba.

Gaba kaɗan rafin ya bi ta gindin wata doguwar gaɓa ta jan yumɓu. Wani gajeren halitta na tsugune a wurin, jikinsa duk yumɓu ne, ya tsattsage kamar ƙasan tafkin da ya ƙafe. Ya ɓallo curi ɗaya daga gaɓar ya miƙo da hannu biyu.

Ya ce, "Sannu da hanya, baƙo. Ka ci na sama, sai ka ci na ƙasa. Haka ake yi a nan."

Korau ya dubi curin. Namiji da gemunsa, a ce ya tsuguna yana cin ƙasa kamar mai ciki? Ya ce, "Na gode, ranka ya daɗe. Na ƙoshi."

"Ita fa?"

Akun tana ta cusa kai tsakanin kara, tana miƙa wuya wajen gaɓar har kejin na jijjiga. Korau ya janye shi. Ya ce, "Da ƙyar na samu ta ci abinci. Ba zan bari ta cika cikinta da datti ta mutu mini a hanya ba."

Mai jikin yumɓu ya ajiye curin a kan dutse.

Korau bai yi tafiyar da ta kai daga gida zuwa gona ba, sai cikinsa ya murɗa. Harshensa ya yi nauyi, itatuwa suka koma ruwan ɗorawa a idonsa, ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa. Ya faɗi. Ya juya ya dubi kejin. Akun na kwance a gefe, yatsunta sun dunƙule, farar fuskar nan ta yi toka-toka. Muryar ta fito siririya kamar zare.

"Gwaggo, cikina. Yaron ya daina motsi." Sannan ta ce, "Maigida, ina ka zubar mini da farar ƙasata? Ɗan gutsure kawai nake so."

Korau ya ji kamar an watsa masa ruwan sanyi. Ya kama igiyar kejin da haƙori, ya juya, ya fara rarrafe. Gwiwoyinsa suka sale, dungulmin yatsansa ya buɗe. Sau biyu duhu na rufe masa ido, sau biyu yana farkawa ya ji ba motsi a kejin. Da ya isa gaɓar bai tsaya neman ƙofa ba, ya karya karan da hannu, ya ɗauko ta, ya kai bakinta jikin yumɓun. Ba ta motsa ba. Ya gutsuro da nasa haƙoran, ya tauna, ya ɗura mata a baki. Maƙogwaronta ya motsa sau ɗaya. Ya ƙara. Can sai ta miƙa wuya da kanta ta fara ƙwaƙula. Korau ya kifa fuska a gaɓar ya ci, ya ci, har gemunsa ya yi ja.

Mai jikin yumɓu ya ce, "'Ya'yan itacen nan da dafi a cikinsu, ƙasar nan ce ke kashe shi. Kowane ɗan tsako ya san haka. Kai da ka shekara ashirin kana kallon tsuntsaye, ba ka taɓa tsayawa ka ga abin da suke yi bayan sun ci ba?"

Korau ya ce, "Ban taɓa barinsu su kai nan ba."

Muryar Tasalla ta ce, "Ya motsa, Gwaggo. Taɓa ki ji."

Keji ya riga ya karye. Akun ta kama rigarsa da baki, ta hau, ta zauna a kafaɗarsa.

A rana ta bakwai ya iske itatuwa bakwai. Tsawonsu sai da ya kwantar da kai baya kafin ya ga ƙarshe, kowane da kogo can kusa da sama. Jajayen aku na zaune a rassan, biyu-biyu, ba su fi arba'in ba. Ba wanda ya yi kuka, duk suka karkata kai suka dube shi da ido ɗaya. Mai jar alkyabba na tsaye a gindin na tsakiya.

Korau ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, ga ta. Ta ci, ta sha. A kwance matata."

"Ka kawo ta ƙasa, ya kai mai danƙo. Gidanta yana can." Ya nuna sama. "Abincinta yana bakin rafi, maganinta yana gaɓa. Wa zai kai ta? In ta yini a ƙasa, kafin la'asar maciji ya same ta."

"To yaya za a yi?"

"Gashin da ka datse sai ya zube da kansa, sabo ya tsiro. Damina za ta zagayo kafin nan. Hanya a buɗe take, ban riƙe ka ba. In ka so ka tafi yau, za ka isa a kan lokacin jana'iza. In ka so ka zauna ka zama fiffikenta."

Korau ya tuna wata biyar ya rage Tasalla ta haihu. Ya dubi itacen, ya dubi hannunsa mai yatsa huɗu. Ya tuɓe riga ya ɗaura a ƙugu.

Haka ya zauna. Da safe ya sauko da ita daga kogo a kafaɗa, ya kai ta bakin rafi, su ci na sama. Da hantsi su je gaɓa su ci na ƙasa. Da yamma ya hau da ita, ƙirjinsa na gogar ɓawo har ya yi kanta. Sau uku yana zamewa. Namijin kullum yana tafe a samansu, inuwarsa a kan Korau, bai sake yi masa magana ba. Abin da ke riƙe Korau shi ne muryar da ke fita kusa da kunnensa. Yakan ji Tasalla na faɗa da kaji, tana tsokanar Gwaggo, duk da ya san a can gida leɓenta ne kawai ke motsi. Wata rana akun ta yini ba ta ce uffan ba, ta nutsa farce a kafaɗarsa har jini ya gangaro. Da la'asar ta sassauta, muryar ta ce, "Miƙo mini ita in gani. Kai, hancin ubanta ne, Allah Ya kyauta." Korau ya rungume itacen yana dariya yana kuka.

Amma kullum ƙarar Mai Haƙoran Ƙarfe tana ƙara matsowa. Itace na fari ya faɗi kafin ruwa ya sauka. Na biyu ya faɗi da ƙwai a cikinsa, iyayen suka yi kwana uku suna kewaya sararin da yake a da. Bakwai suka koma biyar, biyar suka koma uku. Korau yakan buɗe fiffikenta kowace safiya ya auna sabon gashin da yatsa.

Ran da marasa fuskar nan suka ɓullo a bakin rafi da buhunansu, Korau na saman itace da ita. Ta taka har ƙarshen reshe, ta buɗe fiffike, ta saki. Ta yi ƙasa kamar dutse, sannan iska ta ɗauke ta. Namijin ya bi ta. Ta buɗe baki ta tsala wani ihu mai kaushi, ihun tsuntsu, ba ko ɗigon muryar mutum a ciki.

Tsoron da Korau bai ji ba a kan gada, shi ya kama shi a lokacin. Shekara guda yana jin matarsa, yanzu shiru. Ya sauko ya iske mai jar alkyabba.

"Ranka ya daɗe, muryar ta koma gare ta ne, ko kuwa ta ɗauke ne?"

"Je ka gani. Amma ka ji wannan. Ba yawo ya kai mu garinku ba, gida muka je nema, don nan ya ƙare. Kukarku tana da kogo, kuna da goriba, kuna da yumɓu a bakin kogi. Na sassauta ƙullin, ban kwance shi ba. Ran da aka sake kama ta, ko aka sare inda take kwana, abin da ya faru zai dawo, kuma ba za a ba ka kwana bakwai ba."

Korau ya juyo da gudu. Ya ratsa filin kututture, wanda ya ninka faɗinsa na da. A bakin gada ya iske tsohuwar ta wannan gaɓar, ta miƙo hannu, ya zaro askar ya ɗora mata, danƙon ya bushe a gabansa. Ya fito daga kogon kuka rana na tsaka.

A ƙofar gida ya tsaya, ya kasa sallama. Ba ya jin komai daga ciki. Can sai ya ji daka, sannan wata murya ta ce, "Gwaggo, kama mini yarinyar nan, za ta faɗa turmi."

Ya shiga. Tasalla ta saki taɓarya. Ta rame, amma ita ce. Ta dube shi tun daga ƙafafunsa masu tabo, zuwa hannun da ba yatsa, har gemun da ya rine ja da leɓen da yumɓu ya bushe a kai. Idonta ya cika. Ta goge da gefen zane, ta matso ta ƙara duban bakinsa.

Ta ce, "Maigida, cikin naka wata nawa ne?"

Gwaggo Talle ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Korau ya buɗe baki zai amsa, sai inuwa biyu masu doguwar wutsiya suka gitta tsakar gidan, suka nufi bayan gari. Bai sha ruwan da aka kawo masa ba. Ya ɗauki tabarma da sanda ya bi su.

Tun daga ranar, a gindin kukar nan yake yini. Ya tsufa a wurin. In ya hango mutum da gatari, ko ya shaƙi warin danƙo, sai ya miƙe ya tare hanya. Mutanen ƙauye suna cewa ya taɓu, suna nuna wa baƙi tsohon da ke cin ƙasa bayan tuwo. Shi bai damu ba. Abin da aka lura da shi kawai, duk yamma in ya dawo, ba ya shiga gida kai tsaye. Yakan tsaya a bakin zaure, ya karkata kai, ya kasa kunne, har sai ya ji Tasalla ta yi magana.

Iyakar abin da aka sani ke nan, sauran yana cikin kogon kuka.